John Browning: maƙerin da harsashinsa ya sa libarba ta canza hali

Idan mai jin Faransanci ya ce browning, ƙaramar bindiga yake nufi, irin wadda ake sokewa a ƙugu ko a jefa a aljihu. Kalmar ta shiga ƙamus ta zauna daram, har da yawanmu a nan Duwala ba mu san cewa sunan mutum ne ba. Mutum ne kuwa, maƙeri ɗan maƙeri, Ba'amurke mai suna John Moses Browning, wanda aka haifa a 1855 ya mutu a 1926.

Ni aikina koyarwa ne, ban taɓa zama soja ko mafarauci ba. Abin da ya kai ni ga tarihin wannan mutum shi ne darasin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda muke bi kowace shekara da yara a aji. Duk ta inda na bi cikin labarin yaƙin sai in ci karo da aikin hannunsa. Bindigar da aka yi harbin da ya tayar da yaƙin da ita, ƙirarsa ce. Harsashin da ya ƙera kuma ya yi ƙarfin da har tsohuwar libarba, wadda ba dominsa aka yi ta ba, sai da aka gyara mata ciki ta karɓe shi. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna abin da ba a cika lura da shi ba: a sha'anin makami, harsashi ke da mulki, bindiga bin sa take yi.

Yaro a shagon uba

An haife shi ranar 23 ga Janairu 1855 a garin Ogden, cikin yankin Utah da ke yammacin Amurka. Mahaifinsa, Jonathan Browning, maƙerin bindiga ne, mabiyin ɗarikar Kiristocin nan da ake kira Momon, waɗanda aka yi ta kora daga gari zuwa gari har suka yi hijira zuwa wancan yanki mai duwatsu. Jonathan ya isa can a 1852. Matansa uku, 'ya'ya wajen ashirin, irin babban gidan da mu ba baƙonmu ba ne. John ɗan matar ta biyu ne.

Ogden a lokacin garin bakin daji ne, inda bindiga take kayan aikin gida kamar gatari da fartanya. Idan wani ƙarfe ya karye a jikinta babu kantin da za a je a sayo sabo, sai dai maƙeri ya zauna da guduma da magagari ya fitar da shi. Tun yana ɗan shekara bakwai John ya fara zama a shagon uban. Karatunsa na boko bai yi nisa ba, shagon ne ya zame masa babbar makaranta. A 1869 layin dogo ya iso, garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, matafiya suka riƙa kawo bindigogi iri-iri a gyara musu. Yaro ya kwance wannan ya ɗaura, ya kwance waccan ya ga inda take yawan cijewa. Wanda ya daɗe yana gyaran abin da wasu suka ƙera shi ya fi kowa sanin aibinsa. Duk makanikin da ke Camp Yabassi zai gaya maka haka.

A 1878 ya ƙera doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya, wadda ta fi waɗanda ake kawo masa gyara sauƙi da ƙarko. Shekarar 1879 kuwa ta zo masa da abubuwa uku a jere. A watan Afrilu ya auri Rachel Child, a watan Yuni mahaifinsa ya mutu, a watan Oktoba hukuma ta ba shi takardar mallakar ƙirƙirarsa ta farko. Nauyin gida ya dawo wuyansa. Shi da 'yan'uwansa, musamman ƙanensa Matthew, suka buɗe shago suna ƙera bindigar da hannu suna sayarwa.

Shekarun Winchester

A 1883 ɗaya daga cikin bindigogin nan ta faɗa hannun kamfanin Winchester, wanda yake cikin manyan masu ƙera makamai a gabashin Amurka. Wani babba a kamfanin, T. G. Bennett, ya hau jirgin ƙasa ya ratsa ƙasar takanas ya zo Ogden, ya sayi ƙirar a kan dala 8,000. Daga nan aka ƙulla huldar da ta kai kusan shekara 19. Browning ya ƙera, Winchester ta saya gaba ɗaya ta buga sunanta a jiki. Wasu ma sayen su take yi ta ajiye, don dai kada abokan gasa su samu. Samfurin 1894 kaɗai, bindigar farauta, an sayar da fiye da miliyan bakwai.

Yadda yake aiki ma abin dubawa ne. Ba ya zana taswirar injiniyoyi. A ka yake haɗa abu, ya yanka kwali ko gwangwani ya gwada yadda sassa za su motsa, sannan ɗan'uwansa Ed ya hau inji ya fitar da su a ƙarfe. A 1887 ya ajiye komai ya tafi jihar Jojiya wa'azin ɗarikarsu har shekara biyu, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ana ba da labarin cewa a 1889, a wurin gasar harbi, ya lura da yadda ciyawa take kwantawa a gaban bakin bindiga duk lokacin da aka harba. Dubban mutane sun sha ganin haka suka wuce. Shi kuwa ya ga ƙarfi ne ake zubarwa a banza, wanda za a iya kama shi a sa shi aikin ɗura harsashi na gaba. Daga wannan tunani ya fitar da bindiga mai jigida da kamfanin Colt ya ƙera a 1895, daga nan kuma hankalinsa ya koma kan ƙaramar bindiga mai ɗura kanta.

Libarba da fistol: ina bambancin?

A nan sai mai karatu ya yi haƙuri da ni in ɗan yi irin na aji, don in ba a gane wannan ba sauran labarin ba zai zauna ba.

Libarba ita ce tsohuwar. Samuel Colt ya samu takardar mallakarta a Amurka tun 1836. Tana da 'yar ganga ta ƙarfe mai ramuka, galibi shida, kowane rami da harsashinsa. Duk harbi ɗaya gangar ta juya ta kawo na gaba saitin bututun. Bayan an harbe, kwansunan suna nan cikin ramukansu, sai an buɗe an danna wani ɗan sanda ya turo su waje gaba ɗaya. Shi ya sa harsashin libarba yake da leɓe a gindinsa, wanda ya ɗan fi jikinsa faɗi, kamar bakin murfin tukunya. Leɓen nan aiki biyu yake yi: ya hana harsashi zurmawa cikin rami, ya kuma ba abin turowar wurin kamawa.

Fistol mai ɗura kanta daban take. Harsasanta a jere suke, wani kan wani, cikin gidan harsashi da ake turawa ta ƙarƙashin mariƙi. Ƙarfin harbi shi ke tura saman bindigar baya, ya cillar da kwanso, ya dawo ya ɗauko sabo. Don wannan ya yi tafiya sumul, dole harsasai su zame a kan juna ba tare da saƙalewa ba, leɓe mai faɗi kuwa saƙalewa yake kawowa. Sai aka rage shi, a wasu ma aka daidaita shi da jikin kwanso, aka yi ɗan tsagi a zagaye inda ƙugiya za ta kama. Kun ga ke nan gida biyu ne, kowa da irin abincinsa.

Beljiyam

Kamfanonin Amurka ba su ɗauki ƙaramar fistol ta aljihu da muhimmanci ba a farko. Wanda ya ɗauka shi ne kamfanin FN da ke Herstal, kusa da birnin Liège a Beljiyam, wanda aka kafa a 1889 don ƙera wa sojojin ƙasar bindigogi, kuma aiki ya yi masa ƙaranci. A 1897 suka sa hannu da Browning. Fistol ɗinsa mai cin harsashin milimita 7.65 ta fito, ta cika Turai, 'yan sanda suka saya, masu kuɗi suka saya, 'yan ta-kife ma suka saya. A nan ne sunansa ya zama sunan bindiga a bakin masu jin Faransanci.

A 1902 ya ɓata da Winchester. Ya kawo musu sabuwar bindigar harbin tsuntsaye mai ɗura kanta, ya ce wannan karon ba zai sayar gaba ɗaya ba, la'ada yake so a kan kowace ɗaya da aka sayar. Bennett ya ƙi. Ya nufi kamfanin Remington, yana zaune yana jiran ganin shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, sai aka ce mutumin ya faɗi ya mutu. Browning ya ɗauki bindigarsa ya hau jirgin ruwa sai Beljiyam. FN ta karɓa da hannu biyu, kuma an ci gaba da ƙera wannan samfuri har 1998.

Harsashin da yaƙin Moro ya haifa

Yanzu mu zo kan harsashin da ya sa na ɗauki alƙalami. Asalinsa ba daɗin ji gare shi ba.

A 1898 Amurka ta karɓe tsibiran Filifin daga hannun Sifaniya. A kudancin ƙasar, a Mindanao da Sulu, akwai Musulmi da ake kira Moro, waɗanda suka shafe fiye da shekara 300 suna tirje wa Sifaniyawa, kuma ba su ga dalilin miƙa wuya ga sabon baƙo ba. Yaƙi ya ja har 1913. A cikinsa ne aka yi kisan Bud Dajo a watan Maris 1906, inda sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan mutane, har mata da yara, a kan wani dutse a tsibirin Jolo.

Kukan da sojojin Amurka suka riƙa yi a wancan yaƙi shi ne, libarbarsu mai cin harsashin .38 ba ta tsayar da mutumin da ya taso da takobi. A harbe shi, ya iso, ya yi sara kafin ya faɗi. A 1904 rundunar ta sa wani hafsa, John Thompson, da wani likitan soja, Louis LaGarde, suka yi gwaji a kan shanu a mahautar Chicago da kuma gawawwaki. Suka ba da shawarar kada kaurin harsashi ya gaza .45 na inci, wato milimita 11 da ɗoriya. A kan wannan buƙata Browning, tare da kamfanin Colt, ya ƙera harsashin da ake kira .45 ACP: gajere, mai kauri, marar leɓe, don fistol mai ɗura kanta.

Ya ɗauki shekaru yana gyaran bindigar da za ta ci shi. A gwajin ƙarshe, a watan Maris 1911, an harba harsashi 6,000 da fistol ɗinsa, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, ba ta cije ko sau ɗaya ba. Ta abokin gasarsa, kamfanin Savage, ta cije sau 37. Ranar 29 ga Maris 1911 sojojin Amurka suka ɗauke ta da sunan M1911, kuma ita ce fistol ɗinsu har 1985. Duk inda aka yabi wannan bindiga, ni dai ba na mantawa da cewa a jikin mutanen da ke kare ƙasarsu aka auna buƙatarta.

Daga Sarayebo zuwa New Bell

A watan Janairu 1914 FN ta yi bikin ƙera fistol ta miliyan ɗaya, Sarkin Beljiyam Albert na Ɗaya ya ba Browning lambar girma. Wata biyar bayan haka, ranar 28 ga Yuni, wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie a birnin Sarayebo. Abin da ke hannunsa fistol ce ta FN samfurin 1910, ƙirar Browning. Ranar 28 ga Yuli Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya, kafin 4 ga Agusta Jamus da Rasha da Faransa da Ingila duk sun shiga. A cikin watan ne Jamusawa suka ci Liège, masana'antar da ta ƙera bindigar ta koma ƙarƙashinsu.

Ba na cewa bindiga ce ta haddasa yaƙin. Manyan ƙasashen Turai sun daɗe suna wasa wuƙa, kowa na jiran dalili. Amma tartsatsin daga bakinta ya fito, kuma cikin mako shida ya iso bakin kogin Wouri.

A lokacin Duwala tana cikin rikicin ƙasa. Jamusawa, waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala ranar 12 ga Yuli 1884, sun yanke shawarar tashin 'yan ƙasa daga bakin ruwa su mayar da wurin unguwar Turawa, da hujjar wai kare lafiya daga zazzaɓin sauro. Aka ware sababbin unguwanni can ciki, da fili mai faɗin kilomita ɗaya da za a bari fayau a tsakani. Ɗaya daga cikinsu Jamusawa suka kira Neu-Bell. Ita ce New Bell ɗinmu. Sarki Rudolf Duala Manga Bell, wanda ya yi karatu a Jamus ya san dokarsu, ya yi ta kai ƙara har majalisar Balin, ya kuma tura sakatarensa Ngoso Din can a ɓoye. Aka kama su da zargin cin amanar ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke sai aka yi musu shari'ar gaggawa ranar 7 ga Agusta 1914, aka rataye su washegari. A ranar ce kuma aka harbe Martin-Paul Samba a Ebolowa.

Ranar 27 ga Satumba 1914 Duwala ta faɗa hannun rundunar Ingila da Faransa ƙarƙashin Janar Dobell. Yawancin masu ɗauke da bindigogin baƙaƙen fata ne, cikinsu har da sojojin Nijeriya waɗanda da Hausa ake ba su umarni. Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a watan Fabrairu 1916. Mutanen Duwala da yawa sun ƙi zama a inda aka tura su, sai New Bell ta zama masaukin baƙi: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo da sauransu. Unguwar da muke sallah muke kasuwa a cikinta yau, ga asalinta.

1917: libarba ta karɓi baƙon harsashi

Amurka ta shiga yaƙin ranar 6 ga Afrilu 1917, fiye da shekara guda bayan an gama shi a Kamaru. Sojojinta na dindindin ba su kai 150,000 ba a lokacin, kafin ƙarshen yaƙi suka kai kusan miliyan huɗu. Masana'antu suka kasa ƙera M1911 da za ta ishi wannan taro.

To amma akwai injinan da ke zaune a shirye. Kamfanonin Colt da Smith & Wesson sun riga sun saba ƙera manyan libarba, har sun yi wa Ingila da yawa a farkon yaƙin. Abu mafi sauƙi shi ne a ce su ci gaba, kowace libarba ta ci harsashinta mai leɓe. Rundunar ta ƙi. Dalilinta a fili yake: ba ta son ta riƙa tsallaka teku da harsashi iri biyu na ƙaramar bindiga, a wayi gari soja yana cikin rami a Faransa an kawo masa akwatin da bindigarsa ba ta ci. Harsashi ɗaya za a yi, na Browning. Libarba ce za ta san yadda za ta yi da shi.

Matsalar dai ita ce wadda na bayyana a baya. Harsashi marar leɓe in an sa shi a ramin libarba zai iya zurmawa ciki har allurar da ke bugunsa ta kasa kai masa. In ma ya tashi, abin turo kwanso ba shi da inda zai kama. Maganin da aka samu a Smith & Wesson, wanda ake danganta shi da Joseph Wesson ɗan wanda ya kafa kamfanin, ɗan siririn ƙarfe ne mai siffar rabin wata. Ana saƙala harsashi uku a jikinsa ta wancan tsagi na gindi, sai ya zame musu leɓen aro. Biyu suna cika ramuka shida. In an gama harbi a danna sanda, duka su fito tare. Aka kuma bar Colt ta yi amfani da dabarar ba tare da biyan ko sisi ba, saboda halin yaƙi.

Haka aka samu libarbar da ake kira M1917. Kowane kamfani ya ƙera kimanin 150,000, jimilla wajen 300,000 tsakanin 1917 da 1919. Akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Ta Smith & Wesson tana da 'yar kafaɗa a cikin kowane rami wadda bakin kwanso ke tsayawa a kai, don haka ko babu rabin watan tana tashi, sai dai a bi kwansuna ɗaya bayan ɗaya a zunguro su da tsinke ko fensir. Na farkon da Colt ta fitar ba su da wannan kafaɗa, sai daga baya aka gyara. Wani abin mamaki kuma, dabarar da aka yi don dole ta zo da riba: ɗura harsashi uku-uku ya fi ɗura ɗaya-ɗaya sauri nesa ba kusa ba.

Browning bai ƙera wannan libarba ba, sunansa ma ba ya jikinta. A lokacin yana can yana fama da manyan bindigogi masu jigida da kuma bindigar da ake kira BAR, wadda ɗansa Val, hafsan soja, ya riƙa koya wa sojoji a Faransa a 1918. Amma awon da ya yanke shi ya juya kamfanoni biyu da ba nasa ba.

Abin bai tsaya a nan ba. A 1920 kamfanin Peters ya fitar da harsashin .45 mai kaurin leɓe musamman don waɗannan libarba da suka bazu hannun jama'a bayan yaƙi. A 1937 Birazil ta sayi 25,000 daga Smith & Wesson. An sake fito da M1917 daga rumbu a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya rabin wata ya zama cikakken wata mai ɗaukar shida, aka kuma yi libarba masu cin harsashin milimita 9 na fistol, har da samfurin MR 73 na kamfanin Manurhin na Faransa, wanda ake iya canza masa ganga don wannan harsashi.

Wanda ya taɓa yawo a Camp Yabassi neman kayan mota ya san wannan doka ko da bai taɓa ganin bindiga ba. Mota komai kyanta, in babu kayan gyaranta a kasuwa ta zama kwandon shara. Waya komai tsadarta, in babu cajar da ta dace da bakinta ta zama dutse. Abin da ake cinyewa kullum a sake nema, shi ke juya abin da ake saya sau ɗaya.

Ƙarshensa

Bayan yaƙi Browning ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Ogden da Herstal. Ranar 26 ga Nuwamba 1926 zuciyarsa ta tsaya yana cikin masana'antar FN, a wurin aiki, yana da shekara 71. Aka mayar da gawarsa Ogden. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira 128. Fistol ɗin da yake kan aikinta, wani Babeljike mai suna Dieudonné Saive ya kammala ta, ta fito a 1935, sojojin ƙasashe da dama suka riƙe ta shekara da shekaru. Babbar bindigarsa mai jigida, M2, har yau ana ɗora ta a kan motocin yaƙi, har a nan Afirka.

Yaya za a auna irin wannan mutum? A gefe guda, akwai abin koyi da nake so yaranmu su gani. Yaro ne da bai yi dogon karatu ba, daga babban gida marar dukiya, a garin da ba kowa ya san shi ba, ya kai inda ya kai da lura da naci da sanin darajar aikinsa. Ranar da ya gane ana cin guminsa ya ce a ba shi la'ada, aka hana shi, ya tsallaka teku. A layukan New Bell akwai masu walda da makanikai da masu gyaran waya da ke da irin wannan ido, abin da suka rasa shi ne mai saye da mai kare musu haƙƙi.

A ɗaya gefen kuma, abin da ya ƙera na kisa ne, kuma da ya bar hannunsa ba shi da iko a kan wanda zai ɗauka. Alhakin jini yana kan wanda ya ja kunama da wanda ya ba da umarni, wannan haka yake. Duk da haka ba zan ce maƙeri ba ruwansa ba. Gwani yana da zaɓin inda zai zuba gwanintarsa, kuma wannan tambaya ce da ya kamata duk mai koya wa yaro sana'a ya riƙa yi masa tun yana riƙe da magagari.

Darasin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne na harsashin. Ƙasarmu ta ɗanɗana abin da yaɗuwar ƙananan makamai ke jawowa, a Arewa Mai Nisa da kuma yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma. Bindiga tana iya shekara ɗari tana aiki, tana iya canza hannu sau goma, ana ma iya gyara ta ta ci abin da ba nata ba, kamar yadda aka yi a 1917. Amma kullum sai an kawo mata harsashi, kuma harsashi daga masana'anta yake fitowa, ta tashar ruwa ko ta kan iyaka yake shigowa. Shi ya sa Yarjejeniyar Kinshasa ta 2010, wadda ƙasashen tsakiyar Afirka har da Kamaru suka amince da ita kuma ta fara aiki a 2017, ta haɗa harsasai da sassan gyara cikin abin da za a sa wa ido. Mu da muke zaune a birnin da ke da babbar tashar jiragen ruwan ƙasar nan, wadda kayan Cadi da Afirka ta Tsakiya ma ta nan suke bi, muna da haƙƙin tambayar ko ana aiki da wannan yarjejeniya yadda aka rubuta ta.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa hannun 'ya'yanmu ya ƙera abin da zai amfani mutane.